Mawaƙin da ya ƙi buɗe baki a bidiyon waƙarsa: fashin baƙi kan kwalayen Bob Dylan

Minti biyu ne da 'yan sakanni, hoto baƙi da fari, kyamara ɗaya, ɗauka ɗaya babu yanka ko sau ɗaya. Wani siririn saurayi mai tulin suma yana tsaye a wani lungu a Landan, ya rungumo kwalaye cike da hannu, waƙa tana zuba da gudu, shi kuma yana zare kwali ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wa kyamara ya saki ya faɗi ƙasa. Ba rawa, ba murmushi, ba jita a hannu, kuma tun daga farko har ƙarshe bakinsa a rufe yake. Shikenan bidiyon fa. In ka nuna wa yaran yanzu da suka saba ganin mawaƙi ya canza kaya sau goma da mota uku a waƙa ɗaya, cewa za su yi to ina bidiyon yake? Amma wannan ɗan guntun fim ɗin na waƙar Bob Dylan mai suna Subterranean Homesick Blues, wanda aka ɗauka ranar 8 ga Mayu 1965, har gobe ana kwaikwayonsa, daga masu talla zuwa 'yan siyasa zuwa masu fim ɗin soyayya, kuma mafi yawansu kwalayen kawai suka ɗauka, abin da ake nufi da su ya wuce su.

Ba za a gane abin da yaron nan yake yi a lungun ba sai an san matsayin da yake kai a lokacin. A Amurka akwai kiɗan da suke ce wa folk, waƙoƙin gargajiya kenan na talaka, na manoma da leburori da masu haƙar kwal da 'yan gidan yari, mutum ɗaya da jitarsa ta katako wadda ba a jona ta da wuta, wani lokaci da ɗan abin busan nan hamonika a rataye a wuya. Matasan da suka rungumi wannan kiɗan a farkon shekarun 1960 sun ɗauke shi kamar aƙida, gani suke shi ne kiɗan gaskiya, shi kuwa rock and roll mai jitar lantarki da ganguna kiɗan kasuwa ne na yaran da ba su da tunani. Dylan an haife shi a jihar Minnesota a 1941, ya shigo New York a Janairun 1961 yana ɗan shekara 19, cikin shekara biyu kacal ya zama tauraron wannan tafiyar. Ranar 28 ga Agusta 1963 ya yi waƙa a babban gangamin Washington, a dandalin da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. 'Yan jarida suka liƙa masa rawanin kakakin matasan zamaninsa, duk inda ya je sai a tambaye shi meye saƙonka, me za ka ce kan kaza, ina matasa za su dosa. Shi kuma rawanin nan ya ishe shi.

A Janairun 1965 sai ya shiga situdiyon kamfanin Columbia a New York tare da makaɗa masu jitar lantarki da ganguna, furodusa Tom Wilson yana kan na'ura, a watan Maris faifan Bringing It All Back Home ya fito, kuma wannan waƙar ce ta farko a ciki, wato ita ce mari na farko da tsofaffin masoyansa suka sha da sun ɗora allura a kan faifai. Ka ƙaddara Ɗan Maraya Jos yana tsakiyar ganiyarsa ya jingine kuntigi ya shiga situdiyo ya fito da waƙar fiyano, sannan waƙar ma ka saurara sau uku ba ka gane inda ta nufa ba. To kusan haka abin ya zo musu. Sunan folk rock da ake kiran wannan haɗin folk da kiɗan lantarki ma a lokacin ba a fara yayinsa ba, sai wajen watan Yuni na shekarar jaridu suka soma amfani da shi bayan ƙungiyar The Byrds ta ɗauki wata waƙar Dylan ɗin, Mr. Tambourine Man, ta sa mata lantarki ta kai ta lamba ɗaya. Kenan bidiyon ya riga sunan salon kiɗan zuwa duniya.

Waƙar kanta baiti huɗu ce dogaye, babu amshi, sai dai wani gargaɗi da ke dawowa a tsakiyar kowane baiti, yi hattara yaro. Dylan da bakinsa ya faɗa daga baya cewa salon zubo kalmomin ya samo shi ne daga wata waƙar Chuck Berry ta 1956, Too Much Monkey Business, shi yasa wasu ke jin ta kamar kakar waƙar gambara ta zamani. In za a taƙaita abin da ke ciki, baiti na farko wani yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana haɗa "magani", kowa ya san wane irin magani ake nufi, mai waƙar yana bakin titi yana tunanin gwamnati, ga wani jami'i mai doguwar kwat yana neman a ba shi na goro, ana ce wa yaro ka yi laifi, Allah kaɗai ya san yaushe, amma dai kana sake yinsa, sannan wani yana neman dala sha ɗaya a hannunka kai kuma goma gare ka. Na biyu maganar leƙen asiri ce, an ɗana wa waya tarko, an dasa na'urar sauraro, za a kawo samame a farkon Mayu bisa umarnin mai gabatar da ƙara, ka nisanci masu ɗauke da mesar kashe gobara, ka lura da 'yan farin kaya, kuma ba ka buƙatar mai hasashen yanayi ya gaya maka inda iska ta dosa. Na uku ka yi ciwo ka warke, ka yi ƙoƙari a kore ka, a ɗaure ka, ka tsallake beli, in komai ya ƙi ka shiga soja, kar ka bi shugabanni, ka dai sa ido kan mitar fakin. Na huɗu shi ne rayuwar mutum gaba ɗaya a numfashi ɗaya, a haife ka, gajeren wando, soyayya, koyon rawa, ka faranta wa wannan ka faranta wa waccan, shekara ashirin kana makaranta ƙarshe a jefa ka aikin leburanci na rana. Ya rufe da cewa famfo ba ya aiki saboda 'yan ɓarna sun kwance hannun. Wannan kam ba sai an yi mana fashin baƙi ba, duk wanda ya taɓa ɗaukar jarka ya je tuƙa-tuƙa ya tarar an yi gaba da hannun ya riga ya fahimci baitin.

Maganar mesar kashe gobara ba wasa ba ce ga Ba'amurken 1965. A Mayun 1963 a birnin Birmingham na jihar Alabama shugaban tsaron birnin Bull Connor ya sa aka buɗe wa baƙaƙen fata masu zanga-zanga ruwa mai ƙarfi, har da yara 'yan makaranta, aka sakar musu karnuka, hotunan suka zaga duniya. Kuma watan da waƙar ta fito, Maris 1965, shi ne watan da 'yan sanda suka lakaɗa wa masu tattaki duka a gadar Selma, shi ne kuma watan da sojojin ruwan Amurka suka sauka Da Nang a Vietnam, makonni kaɗan bayan kashe Malcolm X. To a irin wannan yanayin mutane suna jiran kakakinsu ya fito ya ce ga hanya, sai ya fito da waƙar da shawararta ita ce ka sulale ta lungu, ka yi tafiyar sanɗa, ka faɗa ramin kwata ka kunna kyandir.

Yanzu mu zo kan hoton, mu fara da wurin. Dylan ya je Ingila zagayen wasa daga ƙarshen Afrilu zuwa 10 ga Mayu, ya sauka a otal ɗin Savoy, wanda tun 1889 yake masaukin sarakuna da attajirai. Wuri uku suka gwada ɗaukar abin, a saman rufin otal, a wani lambu da ke kusa, da kuma lungun baya da ake kira Savoy Steps. Na lungun aka zaɓa. Bangon bulo ne hagu da dama, ga ƙarafa da katakan da magina ke hawa, ga buhunan kayan gini an jibge, hanyar da ma'aikata ke bi kenan, baƙon otal ba ya ganinta. Ya dace da waƙar sosai, don ita ma duk a ƙasa da bayan gida take yawo, ɗakin ƙasa, lungu, ramin kwata. Sai dai ni ina ganin akwai 'yar dabara a nan da ya kamata a faɗa, mutumin da ke tsaye a lungun leburori yana nuna mana wahalar yaro mai dala goma, da an gama ɗauka bene zai hau ya koma ɗakinsa a Savoy. Kyamara ba ta nuna maka wannan. Ba wai ina cewa ƙarya yake ba, amma talaucin da ke hoton zaɓaɓɓe ne, an duba wuri uku aka ɗauki wanda ya fi kama da shi.

Sai tsayuwar. Dylan ba a tsakiya yake ba, yana can gefen dama, da riga mai haske da 'yar falmaran a sama. Tsakiyar hoton, inda tauraro ya kamata ya tsaya, babu kowa sai lungun da ya miƙe ya yi baya. A gefen hagu can baya wasu mutum biyu suna ta hirarsu, ko kallonsa ba sa yi, kamar ba su san ana ɗaukar komai ba. Idonka zai ɗan yi yawo yana neman inda zai sauka, ƙarshe ya sauka kan kwalin, don shi kaɗai ne abin da ke canzawa. Da gangan aka ƙwace kallo daga fuskar mawaƙin aka miƙa wa rubutu.

Rufe bakin nan shi ne zuciyar al'amarin. Tun a lokacin an saba mawaƙi ya je talabijin a sa faifansa shi kuma yana motsa baki, shirin Top of the Pops na BBC da aka fara a 1964 haka ake yi a cikinsa. Mu ma mun san abin ciki da bai, daga finafinan Indiya zuwa na Kannywood zuwa 'yan TikTok, wani ya rera a situdiyo wani ya hau waƙar da baki, kuma akwai wata yarjejeniya da ba a faɗa tsakanin mai kallo da mai yi, na san ba yanzu kake rerawa ba, ka san na sani, amma mu yi kamar haka ne. Dylan ya ƙi shiga yarjejeniyar. Muryarsa tana tashi shi kuma yana tsaye a gefenta kamar ba tasa ba, fuska a sake, wani lokaci ya kalli kwalin, wani lokaci ya ɗan kalli kyamara ko gefe, irin kallon wanda aka ɗauka aikin yini yana jiran a tashi. Mutumin da duniya ta ce shi ne bakin matasa ya zo gaban kyamara ya nuna mata ga murya can, ga ni nan, ku daina haɗa mu.

Su kansu kwalayen ba wasu na musamman ba ne, irin kwalin da masu wanki da guga ke sakawa a cikin riga ne don kar ta yamutse. A otal suka zauna suka rubuta su, Dylan da abokinsa Bob Neuwirth da mawaƙi Donovan da marubucin waƙoƙi Allen Ginsberg, shi yasa in ka lura hannun rubutun ba ɗaya ba ne, wani manyan baƙaƙe masu kauri, wani da ado, wani a karkace. Yawanci kalmar ƙarshen layi ce ake rubutawa, wato inda amsa-amon yake. Da ka cire sauran jimlar sai abin ya koma jeri kawai, ɗakin ƙasa, magani, bakin titi, gwamnati, doguwar kwat, an sallama, mugun tari, an biya. Karanta su haka ba tare da waƙar ba, sai ka ji kamar kanun jarida ko rahoton ɗan sanda.

Kwali a hannun matashi a 1965 abu biyu yake tunowa mutum. Na farko kwalin zanga-zanga, wanda ake ɗagawa sama da kai, a riƙe shi awa da awanni, a kare shi kar a ƙwace, saboda abin da ke jiki shi ne abin da ka yarda da shi. Dylan a ƙirji yake riƙe nasa, sakan biyu ya yar, ko waiwayar inda ya faɗi ba ya yi, har kwalin da aka rubuta gwamnati a jiki haka ya bi sahun mugun tari zuwa ƙasa, ba wanda ya fi wani daraja. Na biyu kuma, wanda ni ya fi burge ni, shi ne kwalin talabijin. A gidan talabijin akwai mai tsayawa bayan kyamara da manyan kwalaye yana nuna wa mai gabatarwa abin da zai faɗa, mai kallo a gida ba ya ganinsa, yana zaton maganar daga kan mai gabatarwar take fitowa. To a nan an juya abin. Mai riƙe kwalin ya dawo gaban kyamara, wanda ake nuna wa kuma kai ne. Kai ake ba kalmomin da za ka maimaita. Kuma wallahi haka ake yi, duk wanda ya kalli bidiyon zai kama kansa yana karantawa yana bin umarni, alhali waƙar tana tsaka da ce masa kar ka bi shugabanni.

Sannan sai ya fara yi maka wasa da hankali. Kunnenka ya ji dala sha ɗaya, idonka ya ga an rubuta dala 20. Ba kuskure ba ne irin na gaggawa, don irinsa ya yi yawa a ciki. Inda gargaɗin nan ke dawowa wani lokaci kwalin wata magana daban yake ɗauke da ita wadda babu ita a waƙar sam, kamar ga su nan tafe. Inda aka ambaci shugabanni an jera wa kalmar alamar tambaya har uku. Kalmar nasara an karkatar da rubutunta da gangan yadda farkonta ya koma kalmar raini, mitar fakin kuma an rubuta ta yadda wani mai karin harshe zai furta. Ga shi wani lokaci ya riga waƙar, wani lokaci ta bar shi a baya ya yi sauri ya kamo, ba a sake ɗauka don a gyara ba. Kwali na ƙarshe bayan an gama komai tambaya ce kawai, me?? da alamar tambaya biyu, ya yar da shi ya yi tafiyarsa ya bar kwalayen a zube.

Wannan na dala ɗin ni a wurina shi ne waƙar gaba ɗaya a dunƙule. A aljihu goma, a baki sha ɗaya, a rubuce ashirin. Duk yadda yaron ya yi ba zai cika ba, kuma ko farashin ma ba a tsaya kan magana ɗaya ba. Waƙar tana bayanin duniyar da dokokinta suka yi yawa kuma suke karo da juna, yi kaza kar ka yi kaza, ka yi laifi amma ba za a gaya maka wanne ba, shi kuma bidiyon maimakon ya ɗauko ɗan wasa ya sa masa kayan 'yan sanda ya nuna maka labarin, sai ya jefa ka cikin halin kai tsaye, ido na gaya maka abu ɗaya kunne na gaya maka wani, gudu ya yi yawa ba ka da lokacin tantancewa, dole ka zaɓi wanda za ka yarda da shi ko ka haƙura da duka biyun.

Mu koma kan mutum biyun nan na baya. Ɗaya Neuwirth ne. Ɗayan mai gemu da sanƙo da sanda a hannu shi ne Ginsberg, wanda waƙarsa Howl ta jawo shari'a a 1957 kan zargin batsa, kotu ta wanke ta. Abin da ya kawo shi Landan labari ne mai zaman kansa. A farkon shekarar an kore shi daga Kuba, ya wuce Turai ta gabas, ranar 1 ga Mayu ɗalibai a birnin Prague suka naɗa shi Sarkin Mayu a bikinsu, hukumomin kwaminisanci abin bai musu daɗi ba, 'yan farin kaya suka bi shi, littafin da yake rubuce-rubucensa ya faɗa hannunsu, ranar 7 ga Mayu aka sa shi a jirgi zuwa Landan. Washegari ga shi a lungun Savoy. Wato a daidai lokacin da waƙar ke cewa a lura da 'yan farin kaya, akwai mutum a cikin hoton da jiya-jiyan nan suka koro shi daga wata ƙasa, kuma ƙasar ma ba ta 'yan jari hujja ba. Ba na jin an shirya wannan, dacewa ce, amma ta ƙara wa hoton nauyi, don ta nuna abin da waƙar ke kuka da shi bai tsaya a Amurka ba. Tsayuwarsa a wurin kuma kamar sa hannu ce, tsohon marubuci na zuriyar da ake kira Beat yana bayan yaro mai jitar lantarki, alamar cewa abin nan da kuke kira hayaniya daga gidan adabi ya fito. Amma ko shi ba a ba shi tsakiya ba, yana gefe yana hira.

Wanda ya riƙe kyamarar D. A. Pennebaker ne, yana cikin mutanen da suka kawo salon fim ɗin gaskiya da ƙaramar kyamarar kafaɗa, babu mai sharhi, babu zaunar da mutum a yi masa tambayoyi, kawai a bi shi a ɗauka. Dabarar kwalayen ta Dylan ce, shi ya kawo ta. Da fim ɗin zagayen ya fito a 1967 da sunan Dont Look Back, sai Pennebaker ya sa wannan guntun a farko. Ka ga abin mamaki, fim ɗin da ake tallarsa a kan cewa babu shiri a ciki ya buɗe da wurin da kowa ya san shirya shi aka yi. Ni na ɗauke shi a matsayin gargaɗi ga mai kallo, mutumin da za ka bi na awa ɗaya da rabi ya san kyamara na nan kuma ya iya wasa da ita. Sauran fim ɗin ma haka yake tafiya, Dylan ya zo taron 'yan jarida riƙe da wani ƙaton ƙwan lantarki, aka tambaye shi ainihin saƙonsa ya ce mutum ya kula da kansa kuma kullum ya riƙa yawo da ƙwan lantarki, can gaba ya tasa wakilin mujallar Time a gaba ya wanke shi tas. Da dare kuma ya hau dandali shi kaɗai da jitar katako ya rera wa mutane tsofaffin waƙoƙin da suka biya kuɗi don su ji, washegarin ɗaukar bidiyon ma a Royal Albert Hall ya yi wasa. Shi ne zagayensa na ƙarshe a wannan salon. Ranar 25 ga Yulin 1965 ya hau dandalin bikin kiɗan folk na Newport a Amurka da jitar lantarki wasu suka yi masa ihu, a Mayun 1966 a Manchester wani daga cikin 'yan kallo ya ƙwala masa Yahuza, wato maci amana.

Akwai abin da za a iya kushewa, kuma masu kushen ba mahaukata ba ne. In kana cikin waɗanda aka buɗe wa mesar ruwa a Alabama, saurayi farar fata ya tsaya yana yar da kalmomi da fuskar ko-in-kula ba lallai ya burge ka ba, kai ba ka da zaɓin sulalewa ta lungu. Kar ka bi shugabanni magana ce mai daɗi a bakin wanda ba ya buƙatar kowa ya jagorance shi zuwa rumfar zaɓe, alhali a shekarar ne tattakin da shugabanni suka jagoranta ya kai ga dokar 'yancin zaɓe ta watan Agusta. Kuma sanyin nan nasa yana da kusanci da girman kai, wanda ya kalli fim ɗin ya ga yadda yake yi wa wasu mutane zai yarda. Abin da zan ce a kare shi kawai, bai ware kansa ba, shugaban farko da ya ce kar a bi shi ne wanda ke riƙe da kwalayen.

Mutane kuwa ba su ji ba. A Yunin 1969 a taron ƙungiyar ɗalibai ta SDS a Chicago wani ɓangare mai zafin ra'ayi ya fitar da takardar manufa da layin nan na mai hasashen yanayi a matsayin take, daga nan aka riƙa kiransu Weathermen, wato masu hasashen yanayi, suka koma dasa bama-bamai a gine-ginen gwamnati. A Maris 1970 bom ya tashi da wasunsu a wani gida a Greenwich Village, unguwar da Dylan ya fara waƙa, mutum uku suka mutu, kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke haɗa shi. Waƙar da ta ce kar a bi kowa ta zama tutar ƙungiya. Ta ɗaya gefen kuma alƙalai a Amurka sun sha kawo wannan layin dai a hukunce-hukuncensu, musamman in suna so su ce magana a fili take ba sai an kira ƙwararre ya ba da shaida ba.

MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ba ta zo ba sai 1981, shekara 16 bayan ɗaukar, shi yasa ake yawan kiran wannan ɗaya daga cikin kakannin bidiyon waƙa, kuma duk bidiyon da ake rubuta baitoci suna gudu a allo a YouTube jikansa ne ko ya sani ko bai sani ba. Ƙungiyar mawaƙa ta INXS ta kwaikwaye shi a 1987, fim ɗin Love Actually na 2003 ya mayar da shi wurin da saurayi ke tsaye a bakin ƙofa yana bayyana soyayya da kwalaye, daga nan kuma abin ya zama na kowa, masu neman taimako, masu kamfen, masu neman aure. Duba su da kyau, kusan dukkansu kwalin yana faɗin abin da ke zuciyar mai riƙe da shi ne daidai-wa-daida, ana so ka karanta ka yarda ka ji tausayi, wani ma har da hawaye. A na Dylan kwalin musu yake da muryar. Cikin masu kwaikwayon wanda na ga ya kama wannan shi ne mai barkwanci Weird Al Yankovic, da ya yi nasa a 2003 mai suna Bob, baƙi da fari a lungu, kowane layi jimla ce da ake karantawa gaba da baya ta ba da abu ɗaya, ma'ana kuwa babu ko ta sisi, kuma ya yi ta da fuskar mutumin da ke isar da muhimmin saƙo.